Ƙauyen da ya zauna a tsakiyar duwatsu

Wata 'yar'uwa mai aikin jinya a Swindon, ƙasar Ingila, ta aiko da wannan tambaya: "Malam, ranar hutuna na hau bas zuwa Devizes, sai muka ratsa wani ƙauye wai shi Avebury. Na ga manya-manyan duwatsu a tsaitsaye sun yi kewaye, tumaki na kiwo a tsakaninsu, ga gidaje har da mashaya a ciki. Da muka fita na hango wani tudu kamar an kife ƙwarya. Abokiyar aikina ta ce wurin tsafin Durid ne, wani kuma ya ce maƙabarta ce. Wa ya kafa su, don me, kuma yaya aka yi mutane suka yi gidaje a ciki? Ina so in kai yarana, amma ina son in san abin da zan faɗa musu."

Malama, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Kin taɓo wurin da na taka da ƙafata ba sau ɗaya ba lokacin da nake karatun tonon kayan tarihi a can, don haka ki yi haƙuri, amsar za ta ɗan yi tsawo.

Bari in fara sauke miki nauyi. Kewayen duwatsun ba maƙabarta ba ne, ko da yake akwai kabari na gaske a kusa, zan zo kansa. Kuma ba Durid ne suka kafa shi ba. Durid malaman addinin gargajiya ne na mutanen Biritaniya da Faransa a ƙarnukan da suka gabaci shigar Romawa a shekara ta 43 Miladiyya, su kuwa duwatsun nan sun girme su da shekara wajen dubu biyu. Sai abin da ba kasafai ake gaya wa baƙo ba: da yawa daga duwatsun da kika gani a tsaye sun taɓa faɗuwa, wasu ma sun yi ɗaruruwan shekaru a binne, wani attajiri ne ya tono su ya sake kafa su tsakanin 1934 da 1939. Abin da kika hango ta tagar bas sakamakon doguwar kokawa ce tsakanin ƙauyen da duwatsunsa.

Avebury farish ce. Wannan ita ce gunduma mafi ƙanƙanta a karkarar Ingila, ki ɗauke ta kamar ƙasar dagaci. Asalinta yankin da coci ɗaya ke kula da shi ne, inda ake karɓar ushirin amfanin gona, kuma tun 1538 aka wajabta wa kowane coci rubuta baftisma da aure da jana'izar mutanensa. A 1894 aka raba aikin coci da na mulki, aka kafa ƙananan majalisun ƙauye. Farish ɗin Avebury tana cikin lardin Wiltshire, ta haɗa ƙauyen kansa da Avebury Trusloe da Beckhampton da West Kennett, mutanenta a ƙidayar 2011 ɗari biyar ne da 'yan kai. Amma a wannan ɗan fili akwai ayyukan mutane na kusan shekara dubu shida, wani bisa wani, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1986 tare da Stonehenge, wani shahararren kewayen duwatsu da ke kudu da shi kusan kilomita 30.

Ido yakan tafi kan duwatsu, amma ni in na kai ɗalibi, gwalalon nake fara nuna masa. Rami ne da tudun ƙasa da suka kewaye ƙauyen, zagayensu ya haura kilomita ɗaya, filin da ke ciki hekta 11 da rabi, da ƙofofi huɗu. Ta ƙofar arewa bas ɗinku ta shiga. Ramin da kika gani yau ya cike da ƙasa fiye da rabi. Wani mai tonon kayan tarihi, Harold St George Gray, ya haƙa shi tsakanin 1908 da 1922, ya iske ainihin gindinsa ya kai zurfin mita 9 a wasu wurare. Akwai hotunan aikin, za ki ga ma'aikata can ƙasa kamar tururuwa, tsani bisa tsani.

To ki lura da abu ɗaya. Duk wanda ya san ganuwar Kano ko ta Zariya ya san gwalalo a waje yake, don mahari ya faɗa rami kafin ya kai bango. A Avebury an juya abin: tudun ne a waje, ramin a ciki. Wanda ya zo da yaƙi sai ya hau tudun ya riƙa jifan na ciki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba don tsaro aka yi shi ba. An yi shi ne don a keɓe abin da ke ciki daga sauran duniya, wataƙila kuma don jama'a su zauna bisa tudun su kalli abin da ake yi. Ƙasar wurin alli ce zalla, saboda haka lokacin da aikin yake sabo, tudun fari fat yake, ana hango shi daga nesa a tsakiyar koren fili.

Da me aka haƙa? Babu ƙarfe a Biritaniya a lokacin, ko ɗigo. A gindin ramin Gray ya tsinci ƙahonin barewa sama da 40 da masu haƙar suka yar. Na daɗe tsaye gaban ɗaya daga cikinsu a gidan tarihin ƙauyen. An yanke rassan ƙahon an bar guda ɗaya a matsayin tsini, tsinin ya dushe saboda ci, bayansa duk tabon duka. Yadda ake yi, a kafa tsinin a tsagar alli, a buga da wani abu mai nauyi, a ɓamɓaro gunduwa. Allon kafaɗar shanu shi ne shebur, kwando shi ne baro. Kuma waɗannan ƙahoni su suka ba mu shekarun wurin. Dutse ba ya auno da gwajin kabon, sai abin da ya taɓa rai, domin akwai wani nau'in kabon da mai rai ke sha, wanda bayan mutuwa rabinsa ke zubewa duk shekara 5,730. Daga ƙaho da gawayi da ƙashin da aka samu a ramuka aka gane an yi aikin ne daki-daki, tsakanin 2850 da 2200 kafin Miladiyya.

Duwatsun ba daga nesa suka zo ba. Wani dutsen yashi ne mai taurin gaske da ake kira sasin, wanda ke warwatse a tuddan gabas da ƙauyen, irin Fyfield Down, tafiyar 'yan kilomitoci. Mutanen wurin kan kira su tumaki masu ruwan toka, don daga nesa kamar garke ne a kwance. Af, wasu masana harshe na ganin sunan sasin ya samo asali daga Sarasin, kalmar da Turawan zamanin da suke kiran Larabawa da Musulmi da ita, wadda a bakin ƙauyawa ta koma nufin duk wani baƙon abu. Ba a sassaƙa su ba, saɓanin na Stonehenge, an dai zaɓi masu siffar da ake so. Babban kewayen yana da duwatsu wajen 100 a asali, faɗinsa kusan mita 330, babu kewayen duwatsu na zamanin da da ya kai shi girma. A cikinsa akwai ƙananan kewaye biyu. Dutsen da kuka wuce dab da gefen titi da za ku shiga daga Swindon, wanda ke tsaye bisa kusurwarsa, an ƙiyasta ya haura tan 60, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da ba su taɓa faɗuwa ba. Jan irinsa aikin igiya ne da gumagumai da taron ƙarti: a jawo shi bakin rami mai gangare, a sulalar da gindinsa, a ɗaga da kaɗan-kaɗan, a cusa ƙananan duwatsu a tokare. In wani ya kawo miki zancen ƙattin mutanen da ko halittun sama, ƙanzon kurege ne.

Mutanen manoma ne da makiyaya. Noma ya iso Biritaniya wajen 4000 kafin Miladiyya, da alkama da sha'ir da shanu da tumaki da aladu, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna tsatson waɗannan manoma ya koma yankin Turkiyya ta yau, sun biyo ta Turai sannu a hankali. Wajen 2450 wasu mutane suka shigo daga nahiyar da fasahar tagulla, cikin 'yan ƙarnuka jininsu ya rinjaye. Ingilishi kuwa, wato Angal da Sakson, sai ƙarni na 5 Miladiyya suka zo. Saboda haka abokiyar aikinki ma baƙuwa ce ga duwatsun, ta dai riga ki zuwa.

Don me aka yi? Masu aikin ba su bar rubutu ba, ko sunan da suke kiran wurin bai iso mu ba. Duk wanda ya ce miki ga allolin da ake bauta wa, ga addu'ar da ake yi, shaci-faɗi yake. Abin da ƙasa ta nuna shi ne wurin taro ne da tafiya cikin jerin gwano. Daga ƙofar kudu hanya ta miƙe, duwatsu bibbiyu dama da hagu wajen jeri 100, tsawon kusan kilomita 2 da rabi, zuwa wani ƙaramin kewaye bisa tudun Overton. Wata hanyar ta nufi Beckhampton a yamma. A kwarin West Kennett, tsakanin 1987 da 1992, Alasdair Whittle ya tono alamun manyan katangun itace cike da ƙasusuwan aladu, shaidar gagarumin ci. Tun da farko ma, wajen 3700 kafin Miladiyya, mutane na taruwa a tudun Windmill da ke arewa maso yamma kan iyakar farish, inda aka samu tulin ƙasusuwan shanu, da tukwanen da yumɓunsu ya fito daga Cornwall, da gaturan dutse daga arewacin Ingila da Wales. Ke nan ɗaruruwan shekaru kafin a kafa duwatsun kewayen wurin ya riga ya zama mahaɗa. A 2017 na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa ta gano wani jerin duwatsu mai kusurwa huɗu a tsakiyar ƙaramin kewayen kudu, masu binciken na ganin an yi shi ne kewaye da kufan wani tsohon gida na itace. In haka ne, duk wannan gagarumin aiki ya tsiro ne daga gidan wasu kakanni da ba a so a manta. Ni wannan fassara ta fi kwanta mini, amma fassara ce.

Kabarin da na ambata yana West Kennett, bisa wani tudu kudu da babban titi. Dogon tsibi ne na mita 100, an gina shi wajen 3650 kafin Miladiyya, a bakinsa na gabas akwai ɗakunan dutse biyar. Ana shiga, ba a biyan ko sisi. Za ki zagaya bayan wani ƙaton dutse da aka toshe ƙofar da shi, ki samu kanki a wani siririn lungu mai sanyi da warin damshi, ƙananan ɗakuna bibbiyu dama da hagu, babba a ƙurya. A jikin ɗaya daga duwatsun lungun akwai wuri mai santsi kamar an shafa mai, inda aka riƙa wasa gatura kafin a sa shi a gini, ki sa yara su laluba da hannu. Stuart Piggott da Richard Atkinson sun tona a 1955 da 1956, sun samu ƙasusuwan mutum sama da 30, manya da yara, har da wani mutum mai kan kibiya na dutse a wajen maƙogwaro. Ƙasusuwan a cakuɗe suke, wasu ƙoƙunan kai da dogayen ƙasusuwa babu su, alamar ana dawowa ana ɗiba. Yanzu babu gawa a ciki.

Tudun da kika ce kamar an kife ƙwarya shi ne Silbury, kuma kwatancenki ya yi. Ba halittaccen tudu ba ne, mutane suka tara shi kwando-kwando wajen 2400 kafin Miladiyya. Tsayinsa ya haura mita 30, faɗin gindinsa kusan mita 160, allin da ke cikinsa an ƙiyasta tan rabin miliyan. Duk Turai babu tsibin hannu na zamanin da da ya kai shi tsayi. Mutanen yankin sun daɗe suna cewa wani sarki mai suna Sil ne a ciki, bisa dokinsa, cikin zinariya, kuma wannan tatsuniya ta ja wa tudun wahala. A 1776 Edward Drax, da kuɗin wani basarake na Northumberland, ya kawo 'yan haƙar ma'adinai suka fasa rijiya daga ƙoli har gindi. Ba sarki, ba doki. A 1849 John Merewether, wani babban limamin coci, ya huda ta gefe. Wayam. Tsakanin 1968 da 1970 Atkinson ya sake shiga, BBC na nunawa a talabijin, jama'a sun zuba ido a ga zinariya, sai alli da ciyawa da ƙwarin da suka kwana a ciki shekara dubu huɗu ba su ruɓe ba. Ba a cike ramukan nan yadda ya kamata ba. A watan Mayun 2000, bayan ruwa mai yawa, ƙolin tudun ya rufta, tsohuwar rijiyar 1776 ta buɗe baki. Abin kunya ne a gare mu masu wannan sana'a: tudun ya jure shekara dubu huɗu da ɗoriya, masu bincike suka kusa kayar da shi cikin ɗari biyu.

Gyaran da aka yi a 2007 da 2008, inda aka sake shiga ramukan aka ɗura musu alli, shi ya kawo sani mafi amfani. Jim Leary da abokan aikinsa sun ga ashe ba a zana tudun aka gina shi tashi ɗaya ba. Ya faro ne daga ɗan tsibin tsakuwa da bai kai ƙugun mutum ba, aka ɗora laka da ciyawa, aka kewaye, aka ƙara, aka haƙa rami aka cike aka sake haƙawa gaba, zuriya bayan zuriya. Leary na ganin tarawar ita ce ibadar, ba tudun da aka samu a ƙarshe ba, wato gayya ce da kowa ke kawo kwandonsa. An hana hawa yanzu, kada yara su roƙe ki.

Daga nan tarihin ya yi sauri. Romawa sun shimfiɗa hanyarsu mai zuwa Bath, suka saita ta da Silbury, da suka iso suka kauce masa, suka kuma yi ƙauye a gindinsa. Sakson suka zauna bakin ƙofar yamma, a wajen kewayen, can suka gina cocin St James wajen shekara ta 1000. Har yau ana ganin ƙananan tagoginsu masu da'ira can sama a bango, akwai kuma kwamin baftisma na dutse na ƙarni na 12 da aka sassaƙa wa wani mutum riƙe da sandar limanci tsakanin macizai biyu. A 1114 aka kafa ɗan gidan ruhubanawa, reshen wani gida a Nomandi ta Faransa, a nan ne daga baya aka gina babban gidan ƙauyen a ƙarni na 16. Sannu a hankali gidaje suka kutso cikin kewayen, gonaki suka biyo.

Sai aka fara binne duwatsu. Wajen farkon ƙarni na 14 mutanen ƙauyen suka riƙa haƙa rami daidai girman dutse a gefensa, su tura shi ciki su rufe. A 1938, ana tono ɗaya daga cikinsu a kudu maso yammacin kewayen, sai ga ƙasusuwan mutum a matse ƙarƙashinsa. Tare da shi akwai almakashi, da wani siririn ƙarfe kamar tsinke, da tsabar azurfa uku na wajen 1320. Aka ce wanzami ne mai yawo gari-gari, domin wanzaman Turai na lokacin suna aski, suna cire haƙori, suna tsaga, sana'ar da ba sai an yi wa Bahaushe bayaninta ba. Labarin da ya bazu shi ne ya tsaya taya mutane tura dutsen, dutsen ya danne shi, aka kasa ɗagawa aka rufe su tare. Har yau dutsen wanzami ake ce masa. An kai ƙasusuwan kwalejin likitocin fiɗa da ke Landan, bom ɗin Jamus ya faɗa mata a 1941, kowa ya ɗauka sun ƙone. Bayan fiye da shekara hamsin Mike Pitts ya gano su a ajiye a gidan adana tarihin halittu na Landan. Da aka sake dubawa, ba a ga raunin da ya tabbatar dutsen ne ajalinsa ba, mai yiwuwa gawa ce aka cusa a ramin da aka riga aka haƙa. Almakashin ma ya dace da tela kamar yadda ya dace da wanzami. Ki ba yara labarin biyun, su zaɓa.

An daɗe ana cewa coci ne ya sa aka yi binnewar don kawar da kayan arna. Masu binciken baya-bayan nan, Mark Gillings da Joshua Pollard, sun nuna abin ya ɗauki dogon lokaci, an yi shi jefi-jefi, kuma ya fi kama da aikin manomin da dutse ya tsaya masa a tsakiyar gona. Ko ma mene ne dalili, waɗanda aka binne su suka tsira.

Waɗanda aka bari a tsaye wuta ta ci su. Wani mai binciken kayan tarihi, John Aubrey, ya ci karo da wurin yana farauta a Janairun 1649, ya ce ya fi Stonehenge kamar yadda babban cocin birni ya fi na ƙauye, har maganar ta sa Sarki Charles na Biyu ya zo gani a 1663. Amma a daidai lokacin ƙauyen na cika. Wata doka ta 1665 ta hana limaman da suka ɓalle daga cocin gwamnati zama cikin mil biyar daga manyan garuruwa, Avebury kuwa ta ɗan haura mil biyar daga Marlborough da Calne da Devizes, sai ta zama mafaka, har masu ɓallewar suka yi ɗakin ibadarsu a tsakiyar kewayen. Jama'a na son gidaje, ga dutse a ƙofa. William Stukeley, wani mai binciken kayan tarihi wanda ya riƙa zuwa daga 1719 zuwa 1724, ya ga aikin da idonsa ya zana: a kayar da dutse bisa rami, a cusa busasshiyar ciyawa a cinna wuta, in ya yi zafi a tsiyaya ruwan sanyi a layi, a bi da guduma, ya dare. Ya ambaci wani Tom Robinson a matsayin uban masu fasawa. Kewayen tudun Overton a gabansa aka share shi don noma. In kin dubi bangon gidaje da katangun ƙauyen, za ki ga gutsattsarin sasin masu ruwan toka, kewayen ne ya koma ɗakin kwana. Ban cika zagin waɗannan mutane ba, na ga yadda ake yaƙuto ƙasar ganuwa a yi tubali a garuruwanmu. Shi Stukeley mun ci moriyarsa mun kuma sha wahalarsa. Zanensa ne kaɗai shaidar duwatsu da dama, an ma daɗe ana ƙaryata shi kan hanyar Beckhampton sai da tonon 1999 ya gaskata shi. Amma shi ne ya kafe cewa Durid suka gina wurin, cewa hanyoyin biyu siffar maciji ce. Maganar abokiyar aikinki jikar maganarsa ce.

Ceto ya fara da John Lubbock, ɗan majalisa kuma ma'aikacin banki, wanda ya sayi wani yanki a 1871 da ya ji za a yanka shi fuloti, ya sayi Silbury bayan haka, ya kuma yi ta fama har aka yi dokar kare wuraren tarihi ta farko a 1882. Da aka ba shi sarauta a 1900, sunan Avebury ya ɗauka. Sai Alexander Keiller, magajin dukiyar kamfanin jam ɗin lemo na Dundee a Sikotilan. Ya sayi tudun Windmill a 1924, daga baya ya saye mafi yawan ƙauyen. Ya tono duwatsun da aka binne, ya mayar da kowanne ainihin raminsa, ya ɗaure gindinsu da kankare, ya haɗa waɗanda suka fashe. Inda dutse ya salwanta ya kafa ɗan ginshiƙin siminti, su ne gajerun abubuwan nan masu tsini da za ki gani a jeri. Rubuce-rubucen aikinsa sun fi na yawancin tsararsa tsafta. Amma don ya fito da kewayen sarai, ya sare bishiyoyi, ya rushe gidaje, iyalai suka koma sabbin gidaje a Avebury Trusloe, kuma National Trust, ƙungiyar kula da wuraren tarihi wadda ya sayar wa wurin a 1943 kan fam 12,000, ta ci gaba da rushewar na wasu shekaru. A ganinsa ƙauyen datti ne bisa tarihi. A yau mun ɗauki ƙauyen a matsayin tarihi shi ma, ba wanda zai yarda a rusa gidan ƙarni na 17 don a gyara wa dutse zama.

Batun kai yara, ki kai su. Shiga cikin duwatsun kyauta ne, ana taɓa su, abin da ba a bari a Stonehenge. Bas na tsayawa kusa da mashayar, ki fara da ɓangaren kudu maso yamma inda dutsen wanzami yake, ki hau tudun ki leƙa gwalalon, ki bi hanyar duwatsu kudu, ki haura tudun Waden, Silbury zai fito miki gaba ɗaya. Tsallaka babban titin zuwa kabarin na buƙatar riƙe hannun yara sosai. Rabin yini zai tafi. Ku sa takalma masu kama ƙasa, jiƙaƙƙen alli ya fi sabulu santsi, ga kashin tumaki. Ki guji wajen 21 ga Yuni sai in cunkoso kike so, lokacin ne masu kiran kansu Durid na zamani ke taruwa, ƙungiyoyin da asalinsu bai wuce ƙarni na 18 ba. A gidan tarihin an daɗe ana nuna ƙasusuwan wani ƙaramin yaro daga tudun Windmill, wata ƙungiyar Durid ta nemi a sake binne shi a 2006, aka yanke a 2010 cewa zai zauna, gara ki sani kafin ki shiga da ƙanana. Kada kowa ya tona ko ya ɗauki wani abu: dokar 1979 ta hana taɓa ƙasar irin wannan wuri ko yawo da na'urar gano ƙarfe ba izini. In kuma sha'awar ta kama ki, kowace farish a lardin tana da jerin kayan tarihinta da tsofaffin taswirorinta a cibiyar tarihi ta Wiltshire da Swindon da ke Chippenham, har da unguwar da kike zaune.

Kafin ku koma tasha, ku ratsa gefen gabas na babban kewayen, kusa da gwalalon, inda kusan babu komai sai ciyawa da tumaki. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da Keiller a 1939 kafin ya kai can. A 2003 aka auna wurin da na'ura, aka gano aƙalla duwatsu 15 kwance a ƙarƙashin ƙasa, kowanne a gefen ramin da ya taɓa tsayawa, kuma an bar su yadda mutanen ƙauyen suka rufe su.